Hawan Ƙaho a Ƙasar Ɗan Isa da Kewaye: Tarihin Wasan Rundawa

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Ɗan Isa, ko Ƙauran Namoda, ko Zurmi da Shinkafi, tun ana kwana da ƙofa a buɗe, ya san wani kiɗan kalangu da ba ya barin yaro ya zauna gida. Da la'asar sakaliya ake jin sa, galibi ranar jajiberin Sallah, yana tasowa daga unguwar mahauta. Da an ji shi an san an fito da sa. Yara su watsar da abin da ke hannunsu, mata su leƙo ta kan katanga, dattawa su gyara zama a ƙofar gida. Wannan shi ne hawan ƙaho, wasan gado na Rundawa, wato mahauta, inda namiji zai tunkari bijimi mai faɗa da ƙirjinsa, ya shiga tsakanin ƙahoninsa ya riƙe, jama'ar gari na kallo.

Wanda zai ba da tarihin wasan nan dole ya bi sawun shanu, domin tare suke tafiya. Duk lokacin da garke ya cika, kara, wato kasuwar shanu, ta cika, wasa ya yi armashi. Duk lokacin da annoba ko fari ko ɓarayi suka taɓa shanu, sai kalangu ya yi shiru. Haka abin ya yi ta gudana a arewacin Zamfara fiye da shekara ɗari.

Ƙasar shanu, ƙasar hanya

Ɗan Isa gari ne a ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda. Gulabe biyu ne suka raya wannan yanki, Gagare da ya bi ta Ƙaura, da Bunsuru da ya bi ta Zurmi, ruwansu ya haɗu can arewa ya zuba cikin gulbin Rima. Fadamun gulaben nan da dazuzzukan da ke tsakaninsu su suka jawo makiyaya tun zamanin da. Fulanin Alibawa sun zauna ƙasar Zurmi tun kafin jihadi, kuma daga cikinsu aka sami Muhammadu Namoda, ɗaya daga cikin manyan mayaƙan da suka ci Alƙalawa a 1808, wanda garin Ƙaura ke amsa sunansa har yau. Sarkin Ƙaura shi ne Sarkin Kiyawa, na Zurmi kuma Sarkin Zamfara, sarautu biyu da ke tuna wa mutum tsohuwar daular Zamfara da biranenta.

Bayan kiwo sai hanya. Tsohuwar hanyar fatake daga Kano da Katsina zuwa Sakkwato ta nan ta ratsa. Baturen Ingila Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824, haka Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853. Daga arewa kuma shanun Gobir da na Adar da na Azbin suna gangarowa neman ciyawa da kasuwa. Kasuwar Shinkafi, mai ci ranar Alhamis, da haka ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin wannan sashe, inda dillalai da fatake daga Nijeriya da Nijar ke haɗuwa. To, inda shanu suka yi yawa, hanya ta ratsa, kasuwa ta ci, nan mahauci ke kafa turkensa.

Rundawa da kalangunsu

Fawa sana'ar gado ce. A ƙasar Sakkwato da Zamfara ana kiran masu ita Rundawa, ɗayansu Barunje. Kowane gari mai kasuwa yana da Sarkin Fawa, wanda sarkin gari ke naɗawa. Shi ke duba dabbar da za a yanka ya tabbatar ba ta sata ba ce, ba kuma mai ciwo ba. Shi ke raba rigimar mahauta, shi ke fitar da nama idan sarki ya yi baƙi. A ƙarƙashinsa akwai masu sayen dabba a kara, da masu fiɗa, da masu kasa nama, da masu tukuba da ke gasa tsire da balangu, da masu shanya kilishi. Fata kuma ta wuce hannun majema, daga can ta isa ga dukawa. Sa guda idan ya faɗi, gidaje da yawa ne ke ɗora tukunya.

Manoma suna da gangar noma, mahauta kuwa kalangu ne nasu. Kafin zuwan rediyo da lasifika, kalangu shi ne shelarsu. Idan za a yanka sa gobe, makaɗi zai zaga gari yau, kowa ya ji ya tanadi kuɗin nama, shi kuma a ba shi kasonsa idan an fiɗe. Kalangu ganga ce mai magana. A hammata ake riƙe ta, a matse tsarkiya a sassauta, sauti ya hau ya sauka kamar harshen mutum. Kowane Barunje mai ji da kansa yana da takensa, kuma da an kaɗa shi zai gane, ko yana cikin barci.

Daga wannan gida ne wasannin maza biyu suka fito, dambe da hawan ƙaho. Dambe ya tsallake katangar gado ya zama na kowa, manomi da maƙeri duk suka ɗaura zare, har aka kai zamanin da Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙar da ake saurare har gobe. Zurmi ita ma ta fitar da Kassu Zurmi, makaɗin mafarauta da 'yan tauri. Ƙasa ce da kunnenta ya saba da kiɗan maza. Amma hawan ƙaho ya tsaya a gida, dalili kuwa a fili yake: dambe hannu da zare kaɗai yake bukata, shi kuwa wannan sai da sa, sa kuwa a hannun mahauci yake.

Abu uku ne suka riƙe wasan. Na farko talla. San da aka zaga gari da shi kowa ya ga tozonsa da ƙibarsa, ba a bukatar a yi wa namansa dogon bayani da safe. Na biyu koyon aiki. Kama sa da kayar da shi aikin mahauci ne na kullum, kuma yaron da ke tsoron ƙaho ba zai iya fawa ba. Na uku mutunci. A da akwai masu yi wa fawa kallon sana'ar ƙasa saboda jini da ƙarni, har wasu gidaje kan ƙi ba mahauci aure. Ranar hawan ƙaho kuwa Barunje ne ke tsaye a tsakiyar fili, sarki da fadawa da attajirai duk shi suke kallo, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai iya abin da yake yi. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya.

Ranar wasa

An fi yin hawan ƙaho a jajiberin ƙaramar Sallah, domin ita ce Sallar da babu layya, kowane maigida wurin mahauta zai nemi naman miya, in ba ya shiga watanda ba. Akan yi shi kuma a naɗin Sarkin Fawa, da auren ɗan babban mahauci, da ranar da gari ya yi babban baƙo ko sabon sarki.

Shiri yana farawa tun daga kara. Ba kowane sa ake hawa ba. Bokolo, wato gudalin ƙasar Sakkwato, yana da jiki da tozo da nama, amma ƙahonsa gajere ne, kuma yawanci mai sanyin hali ne. Farin san Fulani, Bunaji, yana da ƙaho madaidaici da zafin nama. Wanda ake shakka shi ne jan san nan, Rahaji, mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa sama, wanda ya tashi a daji bai san hannun kowa ba sai na mai shi. Idan Sarkin Fawa ya samo irinsa, tun kafin a iso da shi gari labari ya riga shi isowa.

Igiya biyu ake ɗaura masa, ɗaya a wuya ko gindin ƙaho, ɗaya a ƙafar baya, kowace da ƙarfafan samari riƙe da ita. Idan ya zabura gaba, na baya su ja. Idan ya juya baya, na gaba su tare. Ran mai hawa a hannun masu igiyar baya yake, shi ya sa ba a ba baƙo ita, ba a kuma ba wanda ke da jiƙaƙƙa da mai hawa. Daga nan sai a ɗauki hanya: makaɗa a gaba suna tafiya da baya-baya, sa a tsakiya yana huci, yara a baya suna ihu, duk sanda ya juyo su watse kamar an jefa dutse cikin kaji. A bi ta ƙofar Sarkin Fawa, a ratsa kasuwa, a ƙare a filin ƙofar fada, inda Sarkin Fawa zai durƙusa ya yi gaisuwa: "Ranka shi daɗe, ga naman Sallah mun kawo ka gani." Sarki ya sa albarka, sannan a buɗe fili.

Mai hawa yakan fito da warki ko gajeren wando, ƙirji a buɗe, damtse ɗaure da kambu, ƙugu da guru, wuya da layu. Makaɗi ya saki takensa, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya ambaci ubansa da kakansa da shanun da suka hau. Sannan ya fuskanci sa. Akwai mai shiga ta gaba ya kwantar da ƙirjinsa bisa goshin sa, ya rungume wuya ko ya damƙi gindin ƙahoni, ya naɗe ƙafafunsa a hancinsa. Akwai mai zama tsakanin ƙahoni kamar an ɗora shi a kujera. Akwai kuma mai dirowa ta baya ya haye gadon baya ya kama tozo. Sa ya yi ta girgiza kai yana tsalle yana neman yar da shi, shi kuwa ya manne, har sai dabba ta gaji ta tsaya tana haki.

Ina yaro na ga wannan da idona, ina zaune bisa katangar wani gida a bakin fili. Jan sa ne, mai farin tabo a goshi, ƙahoninsa kamar an fiƙe su. Wanda zai hau saurayi ne da bai daɗe da fara gemu ba, kuma ranar ce fitarsa ta farko. Mahaifinsa, tsoho mai furfura, shi ya karɓi kan igiyar baya da kansa, ya naɗe ta a hannu sau biyu. Saurayin ya gama kirari ya waiwayo ya ce, "Baba, a sassauta mani." Tsohon ya ce, "Dakata, yaro. Dubi ƙafarsa, bar kallon ƙaho." San ya tono ƙasa da kofato sau ɗaya, sau biyu, ya sunkuyar da kai. Saurayin ya yi gaggawa, ya shiga kafin kan ya gama sauka, gefen ƙaho ya ɗebe shi ya watsar. Kafin san ya bi shi ya taka, tsohon ya yi kukan kura ya fizge igiya, samarin da ke bayansa suka taya shi, ƙafar san ta ɗaga sama, ya durƙushe. Fili ya yi tsit, har kalangu ya ɗauke.

Yaron ya tashi, ƙura ta rufe shi, haƙarƙarinsa na zubar da jini. Wasu suka ce a fitar da shi. Tsohon bai ce uffan ba, ido kawai ya zuba masa. Makaɗi ya sake ɗauko taken gidansu a hankali, yaron ya share fuska ya koma. A wannan karon ya jira har kan san ya sauka ƙasa sosai, sannan ya faɗa ciki gaba ɗaya, ƙirjinsa ya haɗu da goshi, hannuwansa suka zagaye wuya. San ya ɗaga shi sama, ya jijjiga hagu da dama, ya zaga da shi fili, bai faɗo ba. Mata suka rangaɗa guɗa, aka yi ta jefa kuɗi, wani attajiri ya cire hularsa ya ba shi. Da ya sauko, Sarkin Fawa ya dafa kansa ya ce, "Madalla, ɗan gado." Tsohon kuwa ya kwance igiya daga hannunsa, sai ga fatar ta saluɓe, bai ko duba ba.

Sai da na girma na fahimci abin da tsohon nan ke koya wa ɗansa. Hatsarin ƙaho a tsininsa yake, gindinsa kuwa mafaka ne. Wanda ya tsaya nesa-nesa shi ƙaho ke samu, wanda ya shige ciki a daidai lokacin da kai ya sauka ya tsira. Ƙafar gaba ita ke nuna lokacin da sa zai zabura. Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Masu wasan sun yi imani da layunsu, suna ambaton sagau da kau-da-bara da baduhu, kuma ba mai fita fili bai sha ya yi wanka ba. Amma abin da idon mai kallo ke gani shi ne sanin halin dabba, da ƙarfin zuciya, da amanar masu igiya. Inda ɗaya daga cikin ukun nan ya kuskure, laya ba ta hana karaya, kuma an sha kai maza gidan maɗori daga fili, wasu ma ƙaho ya huda su ba su tashi ba.

Washegari da asuba ake yanka san. Kafin a sauko daga Idi namansa ya ƙare, domin kowa na so a ce a gidansa an ci san da aka hau jiya.

Daga annoba zuwa zamanin jirgi

Wajen 1890 annobar bushiya ta ratsa ƙasashen Afirka ta yi wa shanu kisan kiyashi. Makiyaya da dama sun wayi gari da sanda kaɗai a hannu. A irin wannan hali ba a maganar zaɓen sa mai faɗa, na yanka ma nema yake gagara. Garke bai gama farfaɗowa ba Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka tsaurara karɓar jangali, kowace saniya da kuɗin kanta. Sai dai zamanin nasu ya zo da allurar rigakafi, kuma hanyoyi sun buɗe, shanu suka sake yawaita.

Babban abin da ya sauya fuskar yankin shi ne jirgin ƙasa. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙauran Namoda, ya tsaya nan. Kasancewar Ƙaura ƙarshen layi ya mayar da ita matattarar kayan arewacin lardin Sakkwato. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga daga Zurmi da Moriki da Shinkafi da Isa duk nan ake tara su a loda, shanu ma a nan ake shigar da su tarago zuwa kudu. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, baƙi suka cika gari, kuɗi suka shiga hannun manomi. Wuri ya kau, anini da kwabo da sisi da sule suka maye gurbinsa, kuma su ne aka riƙa jefa wa mai hawan ƙaho har zuwa 1973 da naira ta fito.

Manomin da ya sayar da gyaɗa yana son nama, yana son aure, yana son kallo. Saboda haka da kaka ta yi, sai bukukuwa su ɓarke, 'yan dambe su bi gari-gari, mahauta su yi ta yanka, kalangu ba ya kwana. Babban rigakafin bushiya na haɗin gwiwa da aka fara a 1962 tsakanin Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi ya ƙara wa garke lafiya. Waɗannan shekaru na gyaɗa da jirgi su ne dattawan Rundawa ke nufi idan suka ce a da an yi wasa.

Ba mu kaɗai ba

Karawar mutum da sa tsohon abu ne a duniya. A tsibirin Kirit na ƙasar Girka an tono zanen bango na fiye da shekara 3,000 da ke nuna matasa suna tsallake bijimi. A Amurka makiyayan shanu sun mayar da aikinsu na yau da kullum wasan da suke kira rodiyo, inda mutum zai hau bayan sa ya riƙe igiya da hannu ɗaya, a ƙirga masa daƙiƙa 8. In ya kai bai faɗo ba, alƙalai su ba shi maki. A Sifen da takobi ake gamawa da san a cikin fili. A jihar Tamil Nadu ta Indiya, lokacin bikin girbi na watan Janairu, samari kan yi rububin kama tozon sa. Kotun ƙolin ƙasar ta hana wasan a 2014, jama'a suka yi zanga-zanga a 2017 har aka yi dokar da ta mayar da shi bisa sharuɗɗa. Kusa da mu kuma, mahautan Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun yi suna da hawan ƙaho a bukukuwan Sallah.

Namu ya fi kama da na makiyayan Amurka ta wajen asali, domin duka biyun daga sana'a suka tsiro. Bambancin shi ne su sun yi wa nasu fili mai shinge, da doka, da alƙalai, da likita a gefe, har ya zama hanyar cin abinci mai zaman kanta. Namu bai rabu da fawa ba. Babu tikiti, babu agogo, babu kofi. Alƙalinsa jama'ar gari ne, ladansa guɗa da kyauta da suna. Wannan ne ya sa ya yi daɗi, shi ne kuma ya sa da fawa ta shiga wani hali, wasan ya bi ta.

Yadda kalangu ya yi sanyi

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kashe shanu masu ɗimbin yawa a Sahel, sannan cutar da ta karya noman gyaɗa a arewa ta biyo bayansa. Dalar gyaɗa ta ɓace, jirgin Ƙaura ya fara ja da baya. A 1983 bushiya ta sake dawowa Nijeriya ta yi ɓarna, fari ya biyo bayanta a 1984. Ba a kawar da cutar bushiya daga doron ƙasa ba sai 2011. Sa ya yi tsada, kuma mahaucin da ya ci bashi ya sayo shi ba zai so ya karye a fili ba. Su kansu mahauta sun san dabbar da aka wahalar kafin yanka namanta kan yi duhu, ba ya kuma jure ajiya. Kiwon turke ya yawaita, san da aka ciyar da dusa da harawa a cikin gida kuwa ya saba da mutane, ba shi da faɗan na daji. Mota ta karɓi aikin kora, ana loda shanu daga kara kai tsaye zuwa Legas da sauran biranen kudu.

Ta ɓangaren addini ma an sami sauyi. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan layu da tsafe-tsafen da ke tattare da wasannin maza, wa'azin ya ƙara ƙarfi bayan kafa ƙungiyar Izala a 1978. Sun kuma tunatar da cewa Musulunci ya yi umarni da kyautata wa dabba har a wajen yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankawa, kuma bai yarda mutum ya jefa kansa cikin halaka ba. Magana ce mai nauyi, kuma Rundawa da yawa sun karɓe ta da zuciya ɗaya. Bayan an ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996, aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, tarukan kiɗa masu cakuɗa maza da mata suka ragu ƙwarai. 'Ya'yan mahauta kuma suka shiga makarantun boko da na Islamiyya, wasu suka kama acaba, wasu suka tafi birane da tukubarsu. Kallo ma ya sami kishiyoyi, ga ƙwallon Turai a gidan kallo, ga fim, ga waya a aljihu.

Duk waɗannan rage wasan suka yi. Abin da ya durƙusar da shi shi ne rashin tsaro. Tun wajen 2011 satar shanu ta zama ruwan dare a Zamfara, ta rikiɗe ta koma kisa da ƙone ƙauyuka da satar mutane don kuɗin fansa. Dazuzzukan da suka yi kiwon shanun da ake alfahari da su, irin su Dumburum a ƙasar Zurmi da Sububu ta wajen Shinkafi, suka zama maɓoyar 'yan bindiga. Makiyaya na kirki suka rasa garkensu ko suka yi ƙaura, manoma suka rasa shanun huɗa, hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya suka zama abin fargaba. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar shanu shiga da fita jihar, a farkon Satumba kuma aka katse layukan waya. Ko da aka sake buɗewa, amana ta riga ta yi rauni. Aikin Sarkin Fawa na farko, wato tabbatar da cewa dabba ba ta sata ba ce, ya zama mafi wuyar aikinsa. Garin da ke kwana da ido ɗaya kuwa ba ya tara jama'a a fili don kallon sa.

Abin da ya rage a hannunmu

Ba na cikin masu cewa a dawo da komai yadda yake a da. Layun da ke kai mutum ga shirka a bar su, azabtar da dabba a bar shi, kuma ran saurayi ya fi guɗar mata tsada. In za a sake yin wasan, a yi shi da shinge, da masu igiya ƙwararru, da ma'aikacin lafiya a kusa, kamar yadda wasu ƙasashe suka gyara nasu. Amma ilimin da ke cikinsa dukiya ce: sanin halin sa daga tsayuwarsa, ɗaurin igiya, taken kowane gida, kirarin da ke ɗauke da sunayen kakanni. Duk wannan a ƙirjin tsofaffi yake, ba a takarda ba, kuma kullum raguwa suke yi.

Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda tun 1983, akwai Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, akwai fadojin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, akwai kuma 'ya'yan Rundawa da suka yi karatu mai zurfi. Kira nake gare su da su zauna da dattawan fawa da makaɗan kalangu na Ɗan Isa da Kurya da Moriki da Badarawa, su naɗi muryoyinsu, su rubuta abin da suka sani tun suna raye. Wayar da ke aljihun kowane saurayi ta isa wannan aiki.

Sauran kuma yana ga zaman lafiya, wanda Hausawa suka ce ya fi zama ɗan sarki. Ranar da Bafulatani zai koro sansa zuwa karar Shinkafi ba fargaba, Barunje ya saya da kwanciyar rai, ya kwana da shi a turke har gari ya waye, ranar ce yaran Ɗan Isa za su sake jin kalangu da la'asar su fito da gudu. Allah ya nuna mana wannan rana, ya jiƙan mazan da suka riga mu.